Safiyar Asabar a Gindin Tagar Inna

Akwai wani shirin hira da tashar talabijin ta jiha ke sakawa duk ranar Juma'a bayan labaran ƙarshe, lokacin da masu hankali sun riga sun kwanta. Wani dattijo ne ke gabatar da shi, mai furfura a gemu, hularsa kullum a ƙeya. Yana zaune bayan tebur da furen roba a kai, da filas ɗin shayi da ban taɓa ganin an buɗe ba. Sai a kawo masa 'yan wasan barkwanci, irin waɗanda ake gani a wasan kwaikwayo, ya yi musu tambaya ɗaya, su kuma su kama wata hanya daban su yi ta zuba. A gefe akwai mai kalangu zaune kan tabarma, duk inda magana ta yi daɗi sai ya ɗan taɓa. Shi dattijon dariyarsa ba ta da sauti. Kafaɗunsa kawai za ka ga suna rawa, yana share ido da hannun riga.

Ni dai ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Manyan mutane da gemu su zauna suna ba da labarin yadda rago ya kore su a kasuwa, a ce wai shiri ne. Amma mai gidana ba ya ƙetare shi. Malamin gona ne, mutum mai kamewa a waje, manoman Roni har tsoron yi masa wasa suke. In aka fara shirin nan kuwa sai ya koma yaro. Da dukan jikinsa yake dariya, yana dukan cinya, har ya zamo daga kan kujera. Sau nawa nake fitowa daga ɗaki in ce masa, "Malam, don Allah, maƙwabta fa suna da yara." Sai ya ɗaga min hannu alamar ya ji, ya ci gaba da abinsa.

A shekarar da mahaifina ya rasu, bayan Inna ta fita takaba, na je ƙauyenmu can wajen Gwiwa na same ta a ɗaki da rana tsaka, ƙofa a rufe. Ta rame, ciwon yana ya rufe mata ido biyun, sai da na yi magana ta gane ni. 'Yan'uwana maza suna kudu wajen neman abinci, shanun da suka rage an kai wa Kawu, ƙanenta. Gidan da na tashi a cikinsa ana hayaniya ya koma ita kaɗai da kaji. Na ce ta tattara kayanta mu tafi Kazaure. Ta ce ita ba ta haukace ba da za ta je ta tare a gidan suruki. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, duk a banza. Kawu ne ya samo dabara. Ya ce ai ba zama za ta je yi ba, magani ne: a yi mata aikin ido, da zarar an gama, kafin ruwa ya sauka, shi da kansa zai zo da mota ya mayar da ita. A kan wannan sharaɗin ta yarda ta biyo ni. Ni kuwa a raina na riga na ƙudurta ba za ta koma gidan nan ba, don na san in ta koma, labarinta kawai za a kawo min.

Mun daɗe da aure, 'ya'yanmu har sun tasa, amma Inna da mai gidana ba su taɓa haɗa ido ba. In ya dawo, tun daga zaure yake gyaran murya, ya cire takalmi, ya tsuguna a bayan labulen ɗakinta ya gaishe ta. Ita kuma ta juya fuska bango ta amsa, ita da ko ta dube shi ba ganinsa za ta yi ba. Muddin yana gidan ba ta cin abinci, ba ta ratsa tsakar gida ta je bayi. Da ya lura, sai ya mayar da cin abincinsa zaure, ya riƙa ƙirƙiro wa kansa zagayen gonaki da babu wanda ya aike shi. Ni ce a tsakani, ina kai saƙo ina kawowa tsakanin mutum biyu da ke jin tarin juna. Wata rana na gaji na ce da ita, "Inna, mutumin nan fa ba dodo ba ne."

Ta ce, "Ke dai tun kina yarinya ba ki da kunya."

Bayan haka ba ta cika magana ba. Wuni take da carbi a hannu, in na kai mata abinci ta ɗan taɓa ta ture. Jikokinta su shiga su fita, iyakarta ta shafa kansu. Abin yana ci min rai, kuma ni in abu ya ci min rai faɗa nake yi, sai yaran gidan da 'yan ajina a makaranta suka yi ta shan abin da ba su suka jawo ba.

Ɗakin da muka sa ta bango ɗaya ne ya raba shi da falo, inda talabijin take. Juma'ar farko mai gidana ya kunna shirinsa ƙasa-ƙasa, ya cusa hula a baki. Bai kai rabi ba ya kashe, ya fito yana gumi, ya ce shi ba zai iya ba, sai ya shaƙe kansa a banza. Daga ranar ya koma kallo wajen mai shayin bakin tasha, wanda ke da janareta. Amma mutumin nan in ya ga abin dariya bai ba wani labari ba, kamar bai gani ba ne. Don haka duk safiyar Asabar, ina bakin murhu ina dama koko, shi yana wanke babur ɗinsa a tsakar gida, sai ya maimaita min shirin daga farko har ƙarshe, ko ina so ko ba na so. Ya yi muryar dattijon, ya yi ta baƙon, ya kife bokiti ya yi kalangu a gindinsa. Wurin wankin yana gindin tagar Inna, amma mu duka mun ɗauka bayan asuba barci take komawa.

Ranar da abin ya faru, baƙon shirin wani siriri ne da kullum ɓarawo yake fitowa a wasa. Mai gidana, da soso a hannu, ya ce wai dattijon ya tambaye shi ko mutane suna gane shi a gari. Siririn ya ce gane shi? Ai ranar da ya je gaishe da surukansa a ƙauye, yana sallama ya ji ana cewa a ɗaure awaki. Ya sha tafiya, yunwa kamar ta kashe shi. Aka kawo masa dambu da man shanu, ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake, kamar yadda kowane suruki na kirki zai ce. Aka bar kwanon aka fita. Ya dubi ƙofa, ya dubi dambu, ya cika hannu ya danna a baki. Bai kai ga taunawa ba sai ga uwar matar ta yi sallama.

A nan mai gidana ya yar da soso, ya kumbura kumatu, ya zaro ido. Sannan ya ƙanƙance murya ya yi ta tsohuwar: "Wayyo ni, ɗan mutane! Hangum ne ya kama shi a gidanmu! Ku kira wanzami!" Wanzami ya zo, ya zauna, ya fito da aska yana wasawa a tafin hannu. Da bawan Allah ya ga aska ta doso kumatunsa sai ya rufe ido ya haɗiye dambun nan a bushe. Kumburi ya sace nan take. Wanzami ya miƙe ya ce kun gani, tun bai taɓa ba. Har zakara aka sa surukin ya ba shi na godiya.

Ban yi dariya ba, don ni na saba. Amma daga cikin taga sai muka ji wata dariya ta kufce, siririya, irin wadda aka daɗe ana dannewa, har da shessheƙa. Rabona da jin wannan dariyar tun mahaifina yana da rai.

Mai gidana ya daskare. Ya dube ni, ya dubi tagar, sai a sannan ya tuna labarin wa yake bayarwa, kuma a kunnen wa. Ya tura babur ɗin waje da kumfa a jikinsa, ko hula bai ɗauka ba, bai dawo ba sai bayan la'asar. Na shiga ɗaki na tarar da Inna ta toshe baki da mayafi, hawaye na bin kumatunta. Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Tari ne ya sarƙe ni."

Ranar ta cinye tuwonta tas, har ta ce miyar ta yi kaɗan. Na koma madafi na zauna na yi kukan daɗi ni kaɗai.

Asabar ta gaba mai gidana ya fitar da babur ƙofar gida ya wanke shi a can, shiru kamar mai zaman makoki. Inna kuwa tun da safe na ga ta jawo tabarmarta kusa da taga. Tana nan zaune har rana ta take. Sai da na kai mata fura ta ce, "Jiya ba a kawo wuta ba ne?"

Na ce, "An kawo."

"Au. Na ji shiru ne."

A satin nan ta koma ture abinci, ta fara tambayata yaushe likitan zai kira mu, don ita tana da gida. Raina ya ɓaci. Na tare mai gidana a zaure na ce, "Malam, ka mayar da wankin babur ɗin nan inda yake."

Ya ce, "Haba, Malama. Ni in tsaya ina kumbura kumatu a gaban Inna? Da wane ido zan ƙara gaishe ta?"

"Wa ya ce a gabanta? Ni kake ba labari. Laifi ne mutum ya ba matarsa labari a gidansa?"

"Ai tana ji."

"Ba ta ji. Ta ce tari ne."

Na ce masa gaskiya, cewa tun da aka binne mahaifina babu abin da ya sa matar nan ta nemi ƙarin miya sai shirmensa, kuma in ya bari ta koma ƙauye ta rufe kanta a ɗaki, ni da shi ne. Ya ɗauki hularsa ya fita. Amma da Asabar ta zo na ji ƙarar bokiti a tsakar gida.

Haka muka tsara zamanmu ba tare da kowa ya faɗa da baki ba. Shi ya juya wa taga baya, ya ba ni labari da muryar da za a ji a maƙwabta. Ita tana ciki, tana tari. A hankali har ta fara sa baki, amma ta wajena. Sai in ji ta ce, "Ke, wannan da ya ari rigar aure ya yaga, mai rigar ya yafe masa kuwa?" Ni kuma in juya, mutumin yana tsaye kusa da ni, in ce, "Malam, wai ya yafe masa?" Shi kuma ya amsa min kamar ni na tambaya. Yaran suka mayar da abin sana'a, suna rige-rigen kai saƙo. Ni da nake kiran shirin shirme, sai ga ni ina tuna masa ranar Juma'a kada ya makara.

Da aka yi mata ido ɗaya aka cire bandeji, na ce to, yau Inna za ta ga mutanenta. Tashar tana maimaita shirin ranar Lahadi bayan la'asar. Mai gidana ya fice, na zaunar da ita a falo na kunna. Ta matsa kusa, ta rufe idon da ba a yi ba da tafin hannu, ta ƙura wa akwatin ɗayan. Ga dattijon, ga furen roba, ga mai kalangu. Baƙon ranar ma siririn nan ne na dambu. Ta kalla, ta kalla, ko murmushi babu.

Ta ce, "Wannan ne mutumin?"

Na ce, "Shi ne."

"Kai. Bai iya ba. Ɓata wa mutane labari kawai yake." Ta miƙe ta ce in kashe kada a ƙone wuta a banza. Ba ta ƙara neman gani ba. Da na faɗa wa mai gidana, ya ce in daina zolayarsa, amma kwana biyu yana tafiya kamar wanda aka ƙara wa girma a ofis.

Ana jiran a yi ɗaya idon sai wata Juma'a ya dawo da wuri. Ya zauna bakin gado ya ce an daina shirin. Dattijon ya yi ritaya, an sa wani shirin jawabai a gurbinsa. Na ce to sai a faɗa wa Inna, ai ba mu muka kashe shi ba. Ya ce, "Saura ido ɗaya fa, Malama. Ga damina na tafe." Ashe duk lissafin da nake yi a raina shi ma yana yi. Da safe ya fito da bokitinsa ya ba ni labarin wani baƙo da ban taɓa jin an kawo ba.

Daga nan duk Juma'a sai ya sa hula ya fita kamar da, ya je wajen mai shayi ya zauna, ana jawabai a talabijin shi yana haɗa nasa shirin a ka. Baƙin suka fara kama da mutanen da na sani. Akwai wanda ya sayo jaki a kasuwar Babura daga hannun mutanen tsallaken iyaka, jakin ya ƙi motsi sai an yi masa Faransanci, har sai da aka ɗauko masa tafinta. Akwai manomin da aka ba shi maganin feshi aka ce ya auna da murfi, ya je ya auna da murfin tukunya. Wannan na tabbata a Roni aka yi shi. Wani satin kuma kansa ya ƙi kawo komai, labarin ya fito salam. Sai Inna ta ce, "Ke, baƙon jiya ba shi da gishiri." Na isar da saƙo da murna. Mai gidana ya ɓata fuska ya ce, "To ai ba kullum ake samun na kirki ba," ya wuni yana cika yana batsewa a kan mutumin da babu shi.

Ban san abin da Inna ta sani ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga ta yi ƙiba, tana fitowa ta tsince min shinkafa in ba ya nan, tana yi wa jikokinta faɗa a kan ƙazanta. Amma maganar komawa ba ta taɓa janye ta ba.

Aka yi ido na biyu, ya warke. Zafi ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa ta bayan duwatsu da yamma. Sai Kawu ya aiko cewa ranar Asabar yana tafe. Ranar Juma'a Inna ta ninke zannuwanta ta ƙulle a babban mayafi, ta sa takalmanta a kai. Na tsaya a ƙofa na ce mata wa za ta koma wa, kaji? Na ce in ido ne an gyara, to ta buɗe shi ta ga inda ake sonta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Magani na zo, an yi. Mace ba ta tsufa a gidan suruki." Na fita na huce a kan tukwane.

Kawu ya iso da sassafe a wata tsohuwar akori-kura da ya aro. Ya tarar da mai gidana ya fito da babur da bokiti, yana tsaye bai san ko ya fara ko ya bari ba. Aka gaisa, na shimfiɗa wa Kawu tabarma, na zuba masa koko. Ya ɗaga murya wajen ɗakin ya ce, "Adda, in kin shirya mu kama hanya tun da sanyi." Haka yake kiranta, don ita ce babbarsu.

Daga bayan labule Inna ta ce, "Sha kokonka tukuna. Bari a gama ba yarinyar nan labarin shirin jiya."

"Wane shiri?"

"Na dattijon nan da mai kalangu."

Kawu ya yi dariya har koko ya zubo masa a gemu. Ya ce, "Adda, ai wannan an daina shi tun kafin azumi. Mu ma can muna kallo a gidan dagaci. Yanzu jawabai ake yi."

Ludayin da ke hannuna ya tsaya a cikin tukunya. Mai gidana ya sunkuyar da kai, ruwan soso yana ɗiga a kan ƙafarsa. Na ji kamar in ɗauki kokon in juye wa Kawu, mutumin da bai yi laifin komai ba.

Can Inna ta ce, ba tare da muryarta ta canja ba, "A wajenku aka daina. Mu nan ana yi."

Kawu ya buɗe baki, ta riga shi. Ta ce ya shanye ya kama hanya kafin hadari ya haɗu. Gonar bayan gida ya shuka mata gyaɗa, in an cire ya kawo mata nan. Kajin kuma ya raba wa matansa, sai farar kazar nan, ita ya aiko da ita.

Kawu ya dube ni, na dubi tukunya. Mai gidana ya ajiye soson a kan sirdin babur, ya zaga bayan ɗaki, ya daɗe. Da ya dawo fuskarsa a jiƙe take, idonsa ja. Ya tsuguna a gindin babur ɗin, ya juya wa taga baya, ya buɗe baki magana ta ƙi fita. Ya gyara murya ya sake gwadawa, ta ƙi. Daga cikin ɗaki muna jin Inna tana fama da ƙullin kayanta.

Ta ce, "Ke, ki ce masa kada ya yi sauri. Ba inda za ni."